Bindiga Biyu a Bayan Yaya

Ranar Laraba ce. A garinmu ba a yi ruwan kirki ba, yayyafi kawai aka tashi da shi, irin wanda ba ya jiƙa riga sai dai ya sa ta wari. Amma can sama wajen duwatsu an yi kwanaki ana tafka ruwa, kogi ya cika ya batse, ya yi ja kamar shayi da madara, yana tafe da itatuwa da tsofaffin buhuna. Ina shagona ina walda wata ƙofa sai na ji an kashe mini janareto. Na ɗaga baƙin gilashi zan yi zagi, sai na ga direban jirgin 'yan sintiri ne a tsaye, kakinsa ya jiƙe sharkaf, ba hula, ba takalmi.

"Tartsatsi, zo bakin gada. Jirginmu ya kife."

"Yayana fa?"

Ya juya, na bi shi da gilashin a hannuna.

Yayana yana cikin masu sintirin kogi, waɗanda gwamnati ta ba kaki da bindiga da jirgi mai inji don su riƙa tare masu fasa-ƙwauri. A bariki ba mai kiran sunansa, Agwagwa ake ce masa, don tun muna yara yake ƙetare kogin nan ya dawo bai huta ba. Ni kuma shi ya sa mini Tartsatsi, wai ba na zama wuri ɗaya. Na bar makaranta, na yi kwandasta, na yi faci, na yi tallan batir, kafin ya kama hannuna ya kai ni wurin mai walda ya ce in na gudu daga nan ma zai ɗaure ni a jikin injin.

A bakin gada mutane sun cika. Jirgin yana can ya maƙale a jikin ginshiƙi, cikinsa a ƙasa, ruwa na dukansa. Su uku ne a ciki da ya kife: direba, da Kofur, da Yaya. Kofur, wani gajeren mutum mai tumbi wanda bai iya ruwa ba ko kaɗan, yana zaune a laka yana amai. Masunta ne suka jawo shi riƙe da jarka. Kowa a wurin magana ɗaya yake yi.

"Agwagwa? Haba. Ya fita ta can ƙasa. Yanzu za ku gan shi ya taho a ƙafa yana mana tsiya."

Ni ma haka na ce. Har na sayi gyaɗa ina ci ina kallon hanyar da za ta kawo shi. Yayyafi ya tsaya, rana ta leƙo ta koma, mutane suka fara raguwa. Hanyar ta kawo masu itace, ta kawo shanu, ta kawo wata mata da tulu. Ba ta kawo shi ba.

Washegari aka aiko Sufeto daga hedikwata, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka kira wani daga danginmu. Baba tsohon tela ne, ido ya yi rauni, ƙafa ma haka, don haka ni na je.

A ɗakin bindigogi na same su. Na san ɗakin, don ni na yi masa ƙofar ƙarfe da maratayar da ake jera bindigogin a tsaye, kowace da gurbinta, sarƙa ta ratsa su duka, kwaɗo biyu a ƙarshe. Makulli ɗaya yana wuyan Sajan, shugaban barikin, ɗaya a hannun mai gadi. Ɗakin ba taga, yana warin man bindiga da sanyin siminti. A tsakiyar layin gurbi biyu ba komai, kamar bakin da aka cire wa haƙora. A kan tebur babbar rediyon oba-oba tana ta huci ita kaɗai.

Sufeto ya ce da Kofur, "Maimaita abin da ka faɗa mini, ƙanensa ya ji."

Kofur bai dube ni ba. Maratayar yake kallo. "Da jirgi ya karkace, yallaɓai, sai ya fizge bindigata da jakar rediyo ya faɗa ruwa. Na ga kansa yana nufar wancan ƙetaren. Daga nan ban ƙara ganin komai ba."

"Ƙarya kake!" na ce. Sajan ya riƙe mini kafaɗa.

"Direba fa?" in ji Sufeto.

"Ni ina fama da inji, yallaɓai. Ban ga komai ba."

Sufeto ya juyo gare ni. "Samari, ni ban san yayanka ba. Abin da na sani, bindiga biyu da rediyon hannu da tabaran hangen nesa sun fita daga ɗakin nan, ba su dawo ba. Wanda bai iya ruwa ba ga shi a tsaye. Wanda ya fi kowa iyawa shi ne babu. A wancan ƙetaren kuma akwai masu sayen bindiga ko da tsakar rana. In kai ne ni, me za ka ce?"

Rediyon ta yi wani ƙas, kamar an danna daga wani wuri za a yi magana, sai ta koma huci. Duk muka dube ta.

"Ka kawo mini mutum ko ka kawo mini bindiga," in ji shi. "In ba haka ba dole a ce ya gudu da makaman gwamnati. Matarsa za ta bar ɗakin bariki, kuma duk inda aka gan shi, kamu ne."

An kawo masu nutso daga hedikwata da tulun iska a bayansu. Suka shiga gindin gada, suka fito suka ce ko tafin hannunsu ba sa gani, suka tattara suka tafi. Kafin mako ya zagayo hoton Yaya yana manne a bangon tasha da ƙofar kasuwa. Hoton ranar da ya gama horo ne, yana ƙoƙarin danne dariya.

Daga nan aka fara ganinsa. Wani direban babbar mota ya rantse ya gan shi a wani gari yana shan shayi, ya aske gemu. Wata mai abinci ta ce ya sayi abinci a wurinta ya bar canji. Wani ya ce ai har babur ya saya. Duk wanda ya gan shi kuma sai ya biyo ta shagona ya faɗa mini, da fuskar jaje da idon jin daɗi. Masu kawo mini aiki suka ragu. Wani da na yi wa ƙofar shago ya dawo ya ce in canza masa kwaɗo, wai ba don komai ba.

Baba ya daina zama a ƙofar gida. Yana ɗaki gaban tsohon kekensa na ɗinki, yana juya shi da hannu ba zare ba ƙyalle.

"Ɗana bai taɓa ɗaukar allurar wani ba," abin da yake faɗa ke nan, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Matar Yaya, wadda har yanzu Amarya muke ce mata ko da yake 'yarsu ta fara tafiya, tana ɗakinsu na bariki. Na je na same ta da hantsi. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, gado, akwati, risho, da ƙusa a bango inda yake rataye ɗayan kakinsa. Ta wanke kakin ta goge ta mayar. Iska na shigowa ta taga tana motsa hannun rigar a hankali.

"Matan bariki sun daina aron gishiri a wurina," ta ce. "Ban san ko ni mai takaba ce ko matar ɓarawo ba. Kai wanne ka zaɓa mini, ƙanen miji?"

"Amarya, bar wannan magana."

"Ni na zaɓa. Wallahi gara a ce ɓarawo ne, ya shigo ta ƙofar nan in zage shi." Ta goge hanci da gefen zane. "Amma na san ba haka ba ne. Wai fizgewa! Shi da kullum ake ɗaure masa."

"Ake ɗaure masa me?"

Ta dube ni kamar ta yi mamakin ban sani ba.

Rabin labarin na san shi, kowa a garin ya sani. Shekarun baya bindigar wani ɗan sintiri ta suɓuce ta faɗa kogi, aka kore shi, aka ɗaure shi a kurkuku, ya fito ba ya gane mutane sosai. Tun daga nan Sajan ya kafa doka: ba mai shiga jirgi sai ya ɗaure bindigarsa a bel ɗinsa da igiya. Har yabonsa aka yi daga sama, don tun lokacin ko harsashi ɗaya bai ƙara ɓata a barikin ba.

Ɗayan rabin ne ban sani ba. Amarya ta ce in ruwa ya yi yawa, kafin a shiga ƙarƙashin gada, waɗanda ba su iya ruwa ba sukan kwance nasu su ɗaure wa Yaya a baya, da jakar rediyo da komai. Wai ko jirgi ya kife, shi zai fita da su. Ba wanda zai je kurkuku.

"Sai ya dawo ƙugunsa duk shatar igiya, in shafa masa man zafi. Na ce masa kai jaki ne? Ya yi dariya ya ce shi ne ɗakin ajiyar gwamnati mai ƙafa biyu. Ya ce Kofur in ya tashi ɗauri kamar zai kai bijimi kasuwa."

"Kin faɗa wa Sufeto?"

"Na faɗa. Ya tambayi Sajan a gabana, Sajan ya ce a barikinsa ba a taɓa miƙa wa wani bindigar wani ba, laifi ne babba. Sufeto ya ce mini, 'Baiwar Allah, ke matarsa ce.' Shi ke nan."

Na koma shago ban kunna rediyo ba, ban gaisa da kowa ba. Na yanko rodi huɗu masu kauri, na lanƙwasa bakinsu, na haɗa su a jikin guntun bututu, na yi wa bututun zobe, ya zama ƙugiya. Na cika shi da dalma don ya yi nauyi. Na sayi igiyar rijiya mai tsawo. Sai na tafi wurin wani tsohon masunci da ke da kwale-kwale a ƙasan gada, wanda kowa ke kira Kawu.

Kawu ya ɗaga ƙugiyar ya juya ta. "Wane kifi za ka kama da wannan? Mota?"

"Yayana."

Ya ajiye ta a hankali cikin kwale-kwalen. "Shiga. Amma ka zauna wuri ɗaya, na ji labarinka."

Haka muka fara. Da sassafe mu shiga, shi yana tuƙi da filafili, ni ina jefa ƙugiya in bar ta ta taɓa ƙasa, mu ja ta a hankali daga wannan gaɓa zuwa waccan, mu matsa ƙasa kaɗan, mu dawo. Ban taɓa sanin kogi na da kaya haka ba. Mun fito da tayar mota, da gidan sauro, da rabin keke, da tukunya, da buhun da ba mu yarda mun buɗe ba. Kawu yana jera su a gaɓa yana cewa in muka daɗe zai buɗe shago.

Duk lokacin da ƙugiya ta kama, igiyar takan yi wani motsi a tafin hannuna, ba kamar ƙarfe ya kama itace ba, kamar wani ne a can ƙasa ya riƙe yana ja kaɗan ya saki, ya ja ya saki. Haka Yaya yake yi mini muna yara in ya nutse ya kamo ƙafata. Sai in ja, in ga reshe ne.

Abin da ya fi damuna shi ne addu'a. In na ɗaga hannu ban san me zan roƙa ba. In na ce Allah ya sa yana raye, to na yarda ɓarawo ne. In na ce Allah ya wanke shi, to gawarsa nake roƙo. Wata rana na kama kaina ina cewa, "Allah ka sa yana ƙasan nan," na rufe bakina da hannu.

Wata rana kuma da tsakar rana, rana tana dukan ruwa har ido ba ya buɗuwa, na ɗaga kai na ga mutum a kan gada cikin kaki, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfen gefe, ya sunkuyo yana kallonmu. Tsayuwar Yaya ce sak. Na ce Kawu ya kai ni gaɓa. Na hau da gudu, na tarar ba kowa sai mai lemo yana gyangyaɗi. Na tambaye shi, ya ce shi bai ga kowa ba. Na dawo na zauna, Kawu ya miƙo mini gorar ruwa.

"Sha. Kogi in ka daɗe kana kallonsa, shi ma sai ya fara nuna maka abubuwa."

Ruwa ya fara ja da baya. Gaɓa ta fito da baƙar laka mai wari, kawunan duwatsu suka ɓullo. An aiko wa Amarya cewa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. A can ƙasa da gada, inda kogin ya yi kwana, rassan wata babbar bishiya da ruwa ya kayar suka fara leƙowa. Kawu ya daɗe yana kallonsu.

"Duk abin da ya wuce gada da nauyi, can yake kwana," ya ce.

Da hantsi muka isa. Jifa ta farko ta kama reshe. Ta biyu ta kama wani abu da bai ja ba, bai saki ba, nauyi kawai. Muka haɗu muna ja, kwale-kwalen ya karkata har ruwa na shigowa. Abin ya taso a hankali, kamar ba ya so. Bakin bindiga ne ya fara fitowa, laka na zuba daga cikinsa. Sai na biyu a gefensa. Sai bayan riga.

Ba zan faɗi yadda fuskarsa take ba. A kife ya taso, na bar shi a kife.

Ƙugiyar ta kama bel ɗinsa ne. Na sa hannu na riƙe bel ɗin, Kawu yana salati. Bindigarsa tana ɗaure a gefen dama, da ɗan zargen da yake yi wanda ja ɗaya ke kwancewa. Amma ta biyun, da jakar rediyo, a tsakiyar bayansa suke, igiya ta zagaye ƙirjinsa da ƙugunsa ta dawo, an ƙulle ta tsakanin kafaɗunsa, ƙulli a kan ƙulli a kan ƙulli. Wurin da hannun mutum ba ya kaiwa ko ƙaiƙayi ne ya dame shi. Yatsunsa na hagu suna cuse a ƙarƙashin igiyar ta wajen haƙarƙari.

"Mu ɗora shi," in ji Kawu.

"A'a. Kar a taɓa."

Masu wanki a gaɓa sun riga sun gani. Kafin wani lokaci gaɓa ta cika. Na ɗaga murya na ce a je a kira Sufeto a waya, wani mai babur ya ce ya tafi. Amma bariki ya fi hedikwata kusa. Sajan ne ya fara isowa, a wani kwale-kwale, shi da mai tuƙa shi kawai. Ya matso har gefen namu ya gogi nasa. Ya dubi bayan Yaya, ya cire hula. Sai ya zaro wuƙa daga aljihu.

"Bari in rage masa nauyi, ɗana. Ya ɗauka ya isa."

"Mayar da wuƙarka, Sajan."

"Tartsatsi, ni na karɓi yaron nan ranar da ya zo bariki. Ni na je neman aurensa tare da babanku. Kana ganin ba na jin abin da kake ji?" Ya rage murya. "Saurara. An same shi, an sami bindigogi. Magana ta ƙare. Ni da bakina zan ce ya fizge su ne don ya cece su. Za a yi masa faretin girmamawa. Kofur 'ya'yansa shida, saura kaɗan ya yi ritaya. In Sufeto ya ga ƙullin nan, kurkuku za shi. Me wannan zai ƙara wa mamaci?"

Na dubi gaɓa. Na san fuskokin. Ga direban babbar motar da ya gan shi yana shan shayi, ga mai abinci, ga mai kwaɗo. Na san abin da za su ce kafin la'asar in aka fito da shi ba igiya: ya fizge zai gudu, kayan sata suka nutsar da shi. Za su faɗa wa 'yarsa haka a makaranta.

"Bai fizge ba," na ce. "Juya baya ya yi aka ɗaure masa. Sufeto zai gani da idonsa."

"Hedikwata da nisa. Za ka bar ɗan'uwanka a ruwa rana na dukansa?"

"Ya kwana nawa a ciki kuna cewa yana shan shayi?"

Sajan ya miƙo hannu da wuƙar. Kawu ya sa filafili ya tura kwale-kwalen Sajan baya, a hankali, kamar mai kore kainuwa. Sajan bai ƙara matsowa ba. Ya zauna can nesa kaɗan, hula a gwiwa.

Sai na ji muryar Baba. An kawo shi a babur, wasu sun riƙe shi a bakin ruwa, rigarsa na jan laka.

"Auta! An ce ka same shi?"

"Na same shi, Baba."

"To fito da shi mana. Fito mini da ɗana a yi masa sutura."

"Sai Sufeto ya zo, Baba."

"Wane Sufeto? Sufeto ne ya haife shi? Ni nake maka magana!"

Ban taɓa ƙin maganar Baba a gaban mutane ba, duk rashin jina. Na sunkuyar da kai na riƙe bel. Ya kira ni ya sake kira, har muryarsa ta dushe. Wani malami ya ɗaga murya ya ce jinkirta gawa ba kyau. Mata suka fara cewa yaron nan ya taɓu. Ban da Amarya. Tana tsaye da 'yar a bayanta, ruwa har idon sawunta, ta kafe ni da ido.

Rana ta hau tsakiya. Hannuna ya mutu, na canza, wancan ma ya mutu. Kawu ya cire rawaninsa ya jiƙa ya shimfiɗa a kan Yaya daga wuya zuwa sama, ya bar bayan a buɗe. Ƙudaje suka same mu har tsakiyar kogi. Ruwa yana juya shi kaɗan kaɗan, hannunsa na dama yana tasowa ya taɓa wuyan hannuna ya koma, ya taso ya taɓa ya koma. Ban san ko cewa yake in sake shi ba, ko in riƙe. Na yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ina cewa saura kaɗan, Yaya, yi haƙuri, ai kai ka ce in koyi zama wuri ɗaya.

Rana ta karkata kafin motar Sufeto ta tsaya a kan gaɓa. Aka kawo shi a kwale-kwale, takalmansa a hannu. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya taɓa zargen gefen dama, ya taɓa ƙullin baya. Sai na ga ya kai hannunsa bayansa, ta sama, ta ƙasa, yana neman tsakiyar kafaɗunsa. Ya sauke hannun. Ya ɗauki hoto da wayarsa ta kowane gefe.

"Sajan," ya ce, bai juya ba. "Ɗaurin wa ke nan?"

Sajan ya dubi gaɓa. A gaɓa Kofur ya zame ya zauna a laka, ya ɗora hannu biyu a ka, ya fara kuka da ƙarfi kamar yaro.

Sufeto ya karɓi wuƙar Sajan. Ya yanke igiyar ta gefe biyu, ya bar ƙullin yadda yake, ya sa shi a leda. Ya zare bindigogin ɗaya bayan ɗaya, ya goge laka da babban yatsa ya duba lambar kowace. Sannan ya dube ni.

"Sake shi haka, samari. Yayanka a bakin aiki ya mutu. Ni zan faɗa, a kasuwa ma zan sa a faɗa."

Yatsuna sun ƙi buɗuwa. Kawu ne ya ɓamɓare su ɗaya ɗaya.

Bindigogin aka fara fitarwa. Aka naɗe su a tamfol aka sa a kujerar gaba ta motar Sufeto, da ɗan sintiri a gefe yana riƙe da su. Yaya kuma muka ɗauke shi a tabarma, mu shida, a ƙafa. Kafin magariba mun rufe shi. Baba bai yi mini magana a maƙabarta ba, bai yi mini a gida ba. Sai bayan kwanaki, ina wucewa ta ƙofar ɗakinsa, ya ce in shigo in sa masa zare a allura.

An cire hoton daga bangon tasha da ƙofar kasuwa. Sufeto ya cika alkawari, an yi shela. Waɗanda suka gan shi yana shan shayi suka zo gaisuwa, suka ce dama su ba su taɓa yarda ba. An tafi da Kofur da Sajan hedikwata, ba su dawo bariki ba. Ranar da matar Kofur ta kwashe kaya, amalanken kayanta ya biyo ta gaban shagona, yaran na biye a baya, ƙaramin yana rungume da fitila. Na sauke baƙin gilashi a fuskata har suka wuce. Amarya ma ta bar ɗakin, don ɗakin ma'aikaci ne, amma ta fita da rana, matan bariki na taya ta ɗaukar kaya.

Bindigogin biyu an wanke su an sa musu mai, an gwada, duk suna tashi. Abin da ya ɓata: injin jirgi ɗaya, rediyon hannu ɗaya da ruwa ya kashe, tabaran hangen nesa ɗaya da har yau ba a gani ba, harsashi goma sha ɗaya, takalmi ƙafar hagu, aikin mutum biyu, da Yaya.